Kada ka yar da obi ɗin nan

Malam, ka tambaya ko siririyar takardar da ke naɗe a gefen faifan waƙar da ka sayo daga Japan tana da amfani. Kada ka kuskura ka yar! Sunanta obi, wato ɗamarar kimono, rigar gargajiyar Japanawa. A jikinta ake buga sunan faifan da Japananci, da lambarsa, da farashinsa a yen. A shagunan Disk Union na Tokyo ko a Discogs, shafin cinikin faifai na intanet, faifai mai obi ya fi tsada, wani lokaci nesa ba kusa ba, don masu sayen farko da yawa zubarwa suka yi. Ni kam takardar baitocin da ke ciki ta fi min amfani. Amma in za ka sayar watarana, adana obin cikin leda, nesa da rana da laima.