Tambaya da Amsa: Wa ke da haƙƙin mallakar katun ɗin da ma'aikaci ya zana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Barista. Ni mai zanen katun ne a kwamfuta, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Wani ƙaramin kamfani mai shirya finafinan zane mai motsi zai ɗauke ni aiki, kuma a takardar yarjejeniyar da suka ba ni akwai sharaɗin da ya ce duk abin da na ƙirƙira muddin ina ma'aikacinsu, mallakarsu ne. Ina da wata akuya mai jar dara da na ƙirƙiro shekara biyu da suka wuce, da dare nake zana ta a gida, ina saka gajerun bidiyonta a Facebook da YouTube. Idan na sa hannu, akuyar ta zama tasu ke nan?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka yi tambaya kafin ka ɗora biro a kan takardar, domin sau da yawa masu zane ba sa zuwa wurin lauya sai aikin gama ya gama. Kada ka sa hannu a kanta yadda take. Sharaɗin yana da gyara, kuma gyaransa ba ya buƙatar rigima da kowa.

Dokar da ke aiki a yau ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali tun 1988. Sashe na 28 ya ce haƙƙin mallaka yana fara zama ne a hannun wanda ya ƙirƙiri aikin, sai dai idan wata yarjejeniya ta tanadi akasin haka. A Ingila, dokarsu ta 1988 ta ba ubangida haƙƙin abin da ma'aikaci ya yi a bakin aikinsa kai tsaye, haka ma dokar Amurka ta 1976, amma tamu ba ta bi wannan hanya ba ga kamfanoni masu zaman kansu. Biyan albashi shi kaɗai ba ya mayar da zanenka na kamfani. Abin da ke mayar da shi nasu shi ne takarda, domin sashe na 30 ya ce miƙa haƙƙin mallaka ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Wannan ne ya sa kamfanin ya sanya sharaɗin, kuma ban ga laifinsa ba a kan neman mallakar aikin da ya biya kuɗinsa. Inda matsalar take shi ne faɗin sharaɗin.

Akwai wani bambanci da nake so ka riƙe da kyau. Fim ɗin da aka kammala, da motsinsa da muryoyinsa da kiɗansa, doka tana ɗaukar wanda ya yi shirye-shiryen samar da shi a matsayin mai shi, sai fa idan waɗanda suka yi aikin sun amince da wani tsari dabam a tsakaninsu. Ke nan ko babu sharaɗin, da wuya ka yi iƙirarin mallakar fim ɗin da kamfani ya tara ma'aikata ya kuma zuba jarinsa a ciki. Amma zanen siffar akuyarka, da fuskarta da darar da ke kanta, aikin zane ne mai zaman kansa, kuma kariyarsa tana ɗorewa tsawon rayuwarka da ƙarin shekara 70, alhali ta fim shekara 50 ce daga shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Sai dai ka sani doka ba ta kare tunani kawai ba. Kowa yana iya zana akuya mai magana. Abin da ba a yarda a kwafa ba shi ne takamaiman siffar da ka fitar da hannunka.

Yanzu mu dawo kan kalmomin da aka rubuta maka. Tsofaffin zane-zanen da ka yi kafin ranar fara aiki ba su shiga cikin sharaɗin ba, tunda lokacin ba ka zama ma'aikacinsu ba. Haɗarin yana kan abin da za ka yi nan gaba. Jimlar "muddin kana ma'aikacinmu" ba ta bambanta ƙarfe goma na safe a ofis da ƙarfe goma na dare a ɗakinka ba, don haka duk sabon bidiyon akuyar da ka haɗa ranar Asabar da kwamfutarka da kuɗin datarka, kamfanin zai iya cewa nasa ne. Daga nan sai a wayi gari asalin akuyar taka ce, sababbin labaranta kuma ana jayayya a kansu.

Shawarata ita ce ka nemi a taƙaita sharaɗin ga ayyukan da kamfani ya ba ka, waɗanda ka yi a cikin aikinka da kayan aikinsu. Sannan a lanƙaya wa yarjejeniyar wani shafi da ke lissafa abubuwan da ka zo da su, a sa hoton akuyar da sunanta da adireshin shafukan da kake saka ta, a rubuta ƙarara cewa ita da duk abin da za a ci gaba da yi da ita naka ne, ku duka ku sa hannu a shafin. Idan wata rana suka so saka ta a tallan wani abokin cinikinsu, sai ka ba su lasisi rubutacce mai wa'adi da iyaka da kuɗi, kada ka sallama ta gaba ɗaya. Kai ma kana da naka nauyin: kada ka taɓa buɗe fayil ɗin akuyar a kwamfutar ofis ko da manhajar da kamfani ke biya, domin nan ne hujjarka za ta yi rauni.

Wani abu da masu zane kan manta shi ne izinin nuna aikinsu. Idan ka miƙa haƙƙin abin da ka yi wa kamfani, ba ka da ikon saka shi a shafinka don neman wani aiki sai da yardarsu, saboda haka ka sa a rubuta cewa za ka iya nuna ɗan gutsure bayan an saki fim ɗin. Sunanka kuwa doka ta tsare maka shi. Sashe na 14 ya ba mai ƙirƙira haƙƙin a danganta aikinsa gare shi da kuma haƙƙin ƙin amincewa da gurɓata aikin ta hanyar da za ta taɓa mutuncinsa, kuma wannan haƙƙi ba ya komawa hannun wani muddin yana raye. Duk da haka gara a fayyace a takarda yadda sunanka zai fito a jerin sunayen ƙarshen fim.

Ba sai ka yi rajista ba kafin doka ta kare zanenka, amma Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, tana karɓar rajista ta intanet, kuma takardar shaidarta tana taimakawa idan an zo tantance wanda ya riga wani. Ka adana littafin da ka fara zana akuyar da fensir, da asalin fayilolin da ke ɗauke da kwanan wata, ka yi rajistar kafin ranar da za ka kama aiki. Idan saɓani ya kai ga shari'a, batun haƙƙin mallaka na Babbar Kotun Tarayya ne, batun albashi ko sallama daga aiki kuma na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma dukansu biyu suna zama a nan Kaduna.