Ba ƙarya Baturen yayi ba

Malam, ka tambaya wai da gaske ne Bature zai kurɓi baƙar giya yace yaji ɗanɗanon kofi da ceri (wani ɗan ƙaramin jan ɗan itace), ko dai burga ce. Gaskiya ne wlh. Ni bana sha, amma na ɗan karanci harkar sarrafa abinci anan Samaru. Baƙin launin giyar daga sha'ir yake, gasa shi akeyi sosai har ya kusa ƙonewa, shi yasa ɗacin kofi da cakulan ke fitowa. Sannan a zuba ta cikin gangar katako wadda aka taɓa ajiye wiski a ciki, tayi watanni wani lokacin har shekara, katakon yana bata ƙamshin banila, kamar dai yadda sabuwar randa ke canza ma ruwa ɗanɗano. 'Ya'yan cerin da ake zubawa a ciki kuma yis ne ke cinye yawancin sukarinsu, sai tsami da ƙamshi su rage.

Abinda nake so ƙannenmu su gane, ganin hoton ceri a kwalba baya nufin lemo ne. Irin wannan barasarta kan haura kashi 10 cikin 100, giyar da aka saba sayarwa a kasuwa kuwa yawanci wajen kashi 5 ce. Dan Allah a riƙa karanta jikin kwalba kafin a buɗe, musamman a shagunan Sabon Gari.