Tsakanin "da na sani" da "had I known"

Wata ɗaliba da ke shirin zana WAEC ta turo min saƙo tana cewa: Malam wai don Allah me yasa malamin Turancinmu ya soke min jimlar nan "If I know I would have come", alhali ni "da na sani da na zo" nake nufi?

Toh 'yata, malaminki bai zalunce ki ba. Kin ga Bahaushe kalmomi biyu gare shi a wajen sharaɗi, akwai "idan" ko "in", akwai kuma "da", shi kuwa Bature if ɗin nan ce kaɗai gare shi, shi yasa yake ta juya aikatau don a gane wanne yake nufi.

In abu zai iya faruwa, kamar in kin zo gobe zan ba ki littafin, sai ya ce "If you come tomorrow, I will give you the book". Kar ki kuskura ki ce "if you will come", will ɗin a ɓangare na biyu take zama. Irin wannan "in" ɗin ce a karin maganar nan, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, ai wutar ba ta iso ka ba tukuna, da sauran dama.

Amma "da" fa, bakin alƙalami ya riga ya bushe, ba ki sani ba kuma ba ki zo ba, shikenan. A nan sai Bature ya ɗauko had ya haɗa da siga ta uku ta aikatau (wato cikin know, knew, known, ta ƙarshen), can gaba kuma ya sa would have: "If I had known, I would have come". Yadda muke jera "da" guda biyu haka shi ma yake jera had da would have, ke kuma sai kika kawo ta biyun kika bar ta farko a gida. Yana iya jefar da if ɗin ma gaba ɗaya ya ce "Had I known", wadda ita ce da-na-sanin tamu sak, wadda muke cewa ƙeya ce, a baya take. Ni wallahi tamu ta fi min daɗi, don ƙeya dai ba wanda ya taɓa ganin tasa.

Sai ki kula kuma, rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, "da" ta sharaɗi daban take da ta "a da can" da kuma ta "ni da ke", kunne ne ke rabe su.

Saura guda ɗaya da masu jarrabawa ke son ɗana tarko da ita, wato "da ni ce ke da na haƙura". Mu "da" ɗin dai muka sake sawa, amma tunda maganar yanzu ce ba ta jiya ba, sai ki rubuta "If I were you, I would be patient", da were ba was ba, kuma babu have ko ɗaya a ciki.