Kaza da kurjet a tukunyar lantarki

Ƴar'uwa, kin tambaya yadda za ki dafa kaza da kurjet (ɗan dangin kabewa, dogo mai kama da kokwamba) a tukunyar lantarkin nan mai dafawa sannu a hankali, ki tafi aiki ki dawo ki iske abincin dare ya nuna.

Sayi kazar gida. Namanta da tauri, shi ya sa take jure doguwar dafuwa. Ta turawa narkewa take yi, ki rasa tsoka. Idan daga firigo ta fito, bari ƙanƙarar ta saki gaba ɗaya tukuna, don tukunyar ba ta saurin ɗaukar zafi. Shimfiɗa albasar Galmi 2 a ƙasa, ki jera naman a kai, ki zuba markaɗen tumatir da tattasai, tafarnuwa, citta, ɗan daddawa, gishiri da man gyaɗa cokali 2. Ruwa rabin kofi ya isa, tunda tururi ba ya fita. Awa 6 zuwa 7 a ƙaramar wuta, ko 4 a babba.

Kurjet kuwa kada ki sa shi da safe. Kusan duka ruwa ne, kafin magariba ya zama kunu. Yanka shi da kauri, da ɓawonsa, ki zuba saura minti 30 ki sauke. In ba ki samu a babbar kasuwa ba, gauta ko kabewa ma sun yi, amma kabewa tana son kamar awa 2.

Abin lura a Maradi shi ne wuta. In aka ɗauke wutar lantarki alhali nama bai nuna ba, a juye shi a tukunya a ƙarasa kan gas ko gawayi nan take, kada a bar shi ɗumi-ɗumi cikin zafin nan. Saboda haka a bar wani a gida yana dubawa. Ni da shinkafa na fi son shi, ko dambu.