Ɗana ya yi wata bakwai yana jiran shari'a a kan waya ɗaya

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 22 ne. An zarge shi da ɗauke wayar wani a kasuwa, yau wata bakwai ke nan yana gidan gyaran hali a Bauchi, kullum sai a ɗage zaman kotu. Shin ba wani hukunci sai ɗauri? Daga wata uwa a Bauchi.

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo mafita. Irin ɗanki su ne suka cika gidajen nan, domin kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya ba a ma yanke musu hukunci ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda yake tsare, in an wuce wata biyu ba a yi masa shari'a ba, a sake shi ko a ba da belinsa, sai dai in laifin na hukuncin kisa ne. Satar waya ba ta kai can ba.

Ko da laifin ya tabbata, ɗauri ba dole ba ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi kwatankwacinta, ta ba alƙali damar yin ɗaurin talala, wato a bar mai laifi a waje bisa sharaɗi, ko ya sa mai laifi aikin al'umma, kamar sharar asibiti ko kwashe kwata, matuƙar ba a yi amfani da makami ba, ba laifin fyaɗe ko makamancinsa ba ne, kuma hukuncin da doka ta tanadar wa laifin bai wuce ɗaurin shekara uku ba. Dokar 2019 da ta sauya sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali ma ta kafa sashe na musamman mai kula da irin waɗannan hukunce-hukunce. Matsalar, a ganina, sabo ne: alƙali ya saba da aikawa ciki, lauya kuma bai roƙa ba. Yaron da ya shiga da laifin waya ya kwana ɗaki ɗaya da 'yan fashi, ana juya kwanciya bi da bi saboda cunkoso, me kike zato zai koyo?

Ki je ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi ta ƙasa, kyauta ne, su nemi beli, su kuma sa sunansa cikin waɗanda Babban Jojin jiha zai duba idan ya kai ziyarar rage cunkoso. Sannan ki sa dattawan unguwa su samu mai wayar. In ya karɓi diyya ya shaida wa kotu cewa an sasanta, galibi magana ta mutu. Ki riƙe lambar ƙarar a rubuce, ita za su fara tambayarki.