Mayu ne suka kayar da Macbeth?

Malam, ka tambaya ko mayun nan uku ne suka jefa Macbeth, jarumin yaƙin Scotland, halaka a wasan kwaikwayon Shakespeare. A'a. Duba kashi na 1, fitowa ta 3: albishir ɗin sarauta kawai suka yi masa, ko kalmar kisa ba su furta masa ba. Abokin yaƙinsa Banquo na tsaye a wurin, shi ma an ce zuriyarsa za ta yi mulki, amma bai taɓa kowa ba.

A fitowa ta 7 har Macbeth ya fasa shirin kashe sarki, sai matarsa ta goranta masa cewa shi ba namiji ba ne. Bayan ya kashe Sarki Duncan, ya fito da wuƙaƙen a hannu don ruɗewa, maimakon ya bar su wajen dogarawa, ya kuma ce "Amin" ta maƙale masa a maƙogwaro. Nan ne, a ganina, ya faɗi, tun kafin a naɗa shi.

Daga nan shi da matarsa suka yi musayar hali. Shi ya bushe, ya sa aka kashe Banquo bai shawarce ta ba, sannan iyalan wani basarake mai suna Macduff, kisan da bai amfane shi da komai ba. Ita kuwa a kashi na 5 tana yawo cikin barci da kyandir, tana murza hannuwa kamar mai wanke jini.