Amsa ga Kawu na Daura, daga ƙasar Jazira

Kawu, Allah ya ƙara girma. Ka ce a majalisarku ta Daura ana faɗin wai mu Hausawan Sudan mun ci kuɗin agajin Turawa da na Larabawa har mun manta gida. To bari ka ji inda kuɗin suka shiga.

Turawan Ingila sun gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, ba don Allah ba, auduga masaƙunsu ke so. Da ruwanta aka buɗe gonakin Jazira. Kakanmu da ya bar Daura a ƙasa da niyyar Hajji, a nan guzuri ya ƙare masa, ya shiga tsinkar auduga, ya yi iyali. Bayan samun 'yanci a 1956 masu ba da rance suka shigo. Bankin Duniya da Jamus ta Yamma suka sa kuɗi a madatsar Rusairis, aka kammala a 1966. Kuwait da Saudiyya suka zuba jari a kamfanin sukari na Kenana, mutanen Sin suka shimfiɗa titin Wad Madani zuwa Gadarif. An yi aiki, ba na musu.

Amma hawasha, gonar da ake yanka wa manomi, akasari ba mu aka ba wa ba. A kambo aka bar mu, ɗakunan laka a bakin magudanar ruwa, inda muke wanka nan muke ɗiban na sha. Babana gonar wani ya noma har tsufa, a raba amfani, tsargiya na cin sa. Na sha ganin sa ya tsuguna bayan ɗaki, ya taso yana rufe jinin da ƙasa kada mu gani. Wannan ne rabonmu na agajin, Kawu.

Batun auren Larabawa da ka tayar kuwa, e, ƙanwata Balarabe take aure. Kaka ta yi fushi sosai, ta ƙi zuwa kai amarya, yanzu kuma 'ya'yan ba sa sauka daga cinyarta, Hausa take koya musu da tatsuniyar Gizo. Muna cin kisra, wainar dawa mai faɗi ta mutanen Sudan, amma ranar suna sai an tuƙa tuwo da miyar kuka. Ka ce Hausata ta sha Larabci. Gaskiya ne. Ta yaranku da nake ji a waya fa, rabinta ba Turanci ba ne?

Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 ko mai tambayar lafiyarmu daga can ba mu cika samu ba, sai mai tambayar asalinmu.